Makin da Na Danne Masa

"Wata bakwai, Malama! Wata bakwai kina kallon tsabar idona kina ce min ban kai ba!"

Ya buga takardar a kan teburina har sai da alli ya gangara ƙasa ya karye. Ɗalibaina sun fita ke nan, ajin ba kowa sai kujeru da wata tsohuwar fanka mai ƙara. Ban taɓa jin Dogo ya ɗaga murya ba sai ran nan. Mutumin da ko maras lafiya ya zage shi, murmushi yake yi ya ce a ƙara taku ɗaya.

"Dogo, don Allah ka rage murya, ana karatu a ɗakin can..."

"Duba takardar nan!"

Na duba. Sakamakon jarrabawar Turanci ne, wadda wani asibiti a ƙasar waje ya ce sai ya ci kafin su ɗauke shi aiki. Ga sunansa, ga hotonsa. Ya zarce makin da suke nema, har da rata.

"Yaushe ka zauna jarrabawar?"

"Wancan watan. A ɓoye, sai ka ce ɓarawo! Na ce bari in je in faɗi, ko na gane inda nake gazawa. Matar da ta yi min tambayoyin baka har cewa ta yi wa ya koyar da ni. Na ce wata gwana ce. Ashe gwanar ƙarya!"

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

"Ki ce min kuskure ne," ya ce, muryarsa ta sauko. "Ki ce ba ki iya auna maki ba. Wallahi zan yarda, Auta."

"Na iya. Tun wata bakwai da suka wuce ka kai."

Ya ja kujerar ɗalibi ya zauna, gwiwoyinsa suna dungurin tebur.

"Me na yi miki?"

"In ka ci... tafiya za ka yi."

"Da ke! Sau nawa zan faɗa? Da ke zan tafi!"

"Baba fa?"

Ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya rufe. Ya zaro wata takardar daga aljihu ya shimfiɗa a gabana.

"Fom ɗinsu ke nan. Ranar Alhamis ƙarfe huɗu suke rufewa, kuma sau biyu suna ɗaga min ƙafa, ba na uku. Layi ɗaya ya rage ban cike ba: ni kaɗai zan zo, ko da matata. In na ce ni kaɗai, dokarsu sai na yi shekara uku kafin in kawo iyali. Ba na son wataƙila. Ba na son bari mu gani. Duk kalmomin nan na inda-inda da kika cusa min a ka, ki riƙe kayanki. E ko a'a nake so."

Ya sunkuya ya fita. Ranar Litinin ce.

Bari in ɗan koma baya, kar ku ɗauka da mugunta aka haife ni.

Shekara biyu ke nan da Baba ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa na gyaran agogo, da ɗan madubin aikinsa a ido. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye. Mama ta riga mu gidan gaskiya tun ina sakandare. Yaya yana wani gari da matarsa da yara uku, a hawa na huɗu na wani dogon bene. Sai ni auta, mai koyar da manya Turanci da rana, mai jinya safe da yamma.

Maganar Baba ta koma yaren mutum biyu, shi da ni. In ya ce "wa", ruwa yake so. In ya ce "sha", shayi ne. In ya yi gunaguni ya kalli taga, ƙafarsa ce ta yi sanyi. Ni kuwa sunana ya koma "Ta". Yaya in ya zo sai ya yi ta "na'am Baba? na'am?" har tsohon ya gaji ya juya fuska bango.

Dogo asibiti ne suka turo mana shi, mai gashin ƙashi, sau uku a mako. Ran farko ya gwara goshi da saman ƙofarmu, daga nan sunan ya bi shi. Shi ya koya wa Baba zama, da riƙe cokali da hagu, da taku biyar da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu. A taku biyar ɗin nan aka tsaya cak, ba gaba ba baya.

In ya gama da Baba, sai mu zauna a falo in yi masa darasi, Baba yana kujerarsa yana gyangyaɗi.

Matsalar Dogo ɗaya ce, mutum ne mai magana ɗaya. A jarrabawar baka kuwa ra'ayinka ake tambaya, ana so a ji kana auna magana, nan ka yarda, can kana da ja. Shi ko sai ya ce e, ya yi shiru, ya zuba min ido. Dole na yanka kwali na yi masa katuna, kowanne da kalmar Turanci ɗaya: ta kokwanto, ta jan ƙafa, ta ɗari-ɗari, ta zuciya biyu.

"Mutanen nan ba su da aikin yi ne?" ya ce yana juya katunan. "Kalma ashirin don kawai mutum ya ce bai sani ba!"

Na yi dariya har da hawaye. Cikin wata biyu ya haddace su tas.

Wata rana ina yi masa gwaji, na sa agogo, na tambaye shi abin da yake shakka a rayuwarsa. Ya yi minti biyu yana zuba Turanci ba tuntuɓe. Ya ce yana shakkar tafiyar, yana ɗari-ɗari da sanyin ƙasar, zuciyarsa biyu a kan barin marasa lafiyarsa. Abu ɗaya ne kawai ba ya tantama a kansa, kuma tana zaune a gabansa da jan biro.

A minti biyun nan na gane yana sona. A minti biyun nan kuma na gane ya kai, ko gobe aka yi jarrabawa zai ci.

Duk da haka na rage masa maki. Na ce, "Da saura."

Ƙaryar farkon ce mai wuya. Daga nan duk ƙarshen wata sai in nemo wani aibi in laƙa masa, shi kuma ya ce, "To Malama, a ƙara wuta." Ya koma gida ya yi ta bita, ni kuma in shiga kicin in yi kuka in wanke fuska. Ina sonsa kamar raina, kuma da hannuna nake ɗaure masa ƙafa.

Ranar Talata da safe na kira Yaya.

"Yaya, ina cikin wani hali."

"Jikin Baba ne?"

"Nawa ne."

Na kwashe komai na faɗa masa, ban rage ko ƙaryar ba. Ta cikin wayar ina jin hayaniyar yaransa suna shirin makaranta.

"Kai, Auta... kin yi wauta. Yaron kirki irin wannan?"

"Na sani! Ba faɗa na kira ka yi min ba. Ka ɗauki Baba, Yaya. Don girman Allah ka ɗauke shi."

"Kin san ba ƙi nake ba. Hawa huɗu ne, ba lif. Mutumin da taku biyar ne iyakarsa, ta ina? Ni ina wurin aiki, antinki tana wurin aiki. Da a ce yana iya kai kansa bayi, ya zuba wa kansa ruwa, wallahi gobe zan zo in ɗauke shi. Ki ba ni shekara ɗaya in nemi gida a ƙasa."

"Kwana biyu gare ni!"

"To ya kike so in yi? Kuma ko na ɗauke shi... ba na jin abin da yake faɗa, Auta. Kallona yake kamar baƙo."

Muryarsa ta karye a nan, sai na kasa jin haushinsa. Na kashe wayar na tafi ɗaga Baba. Na zura hannu ƙarƙashin hammatarsa kamar kullum, bayana ya amsa, na kai shi bayi, na dawo da shi, na goge masa baki. Yana ta bin fuskata da kallo.

"Ta?"

"Ba komai, Baba. Mura ce."

Gaba kura, baya sayaki. In na ce e, wa zai ji yaren Baba? In na ce a'a, shekara uku ba kwana uku ba ce, kuma mutumin da na yi wa ƙarya wata bakwai, da wane ido zan ce ya jira ni?

Ranar Laraba na shiga aji ban shirya komai ba. Na laluba jaka, hannuna ya faɗa kan katunan Dogo. Na ce to, a yi da abin da ke akwai. Na rubuta uku a allo: hesitate, reluctant, torn.

"Ta farko," na ce, "ita ce mutum ya ɗan dakata, bai yi ba, bai fasa ba."

Wani direba da ke zama a gaba ya ɗaga hannu. "Malama, kamar in fitilar hanya ta yi ruwan ɗorawa ke nan? Ƙafa ɗaya a birki, ɗaya a totur?"

"Haka ne."

"To ni ba na yin wannan. Wucewa nake!"

Aji ya kwashe da dariya.

"Ta biyu, mutum zai yi abin, amma ransa ba ya so."

Hajiya mai shagon yadi ta gyara zama. "Ai wannan maigidana ne in an ce ya raka ni asibiti. A rubuta sunansa a ƙarƙashi."

Aka sake shewa. Ni ma na yi yaƙe.

"Ta uku fa, Malama?"

"Ta uku... ita ce a ja mutum ta nan, a ja shi ta can. Duka biyun yana so. Duk wanda ya saki..."

"Ba mu misali mana."

Na juya allo don in rubuta misali. Allin ya tsaya a hannuna. Na rubuta harafi ɗaya, na goge, na sake rubutawa. Sai kawai na ji kafaɗuna suna rawa, kuka ya ƙwace min a gaban manyan mutane goma sha biyu.

Hajiya ta taso ta karɓe allin daga hannuna, ta rataya min jakata.

"Je ki gida, 'yar nan. Turanci ba guduwa zai yi ba."

Haka na dawo gida awa biyu kafin lokacina. Na bi ta ƙofar kicin a hankali don kar in tashi Baba daga barcin rana. Na tuɓe takalmi, na leƙa falo.

Kujerarsa ba kowa.

Baba yana tsaye.

Tsaye a kan ƙafafunsa, sandar tana can jingine a lungu. Ya dafa bango da hannun dama, hannun da muka ce ya mutu, ya buɗe murfin tsohon agogon bangonmu yana murɗa masa makulli da hagu. Ni duk zatona Dogo ne yake kula da agogon nan, shi da ba ya buƙatar kujera.

Ya rufe murfin ya juyo. Na maƙale a bayan labule ina ƙirgawa. Ɗaya, biyu, uku... yana jan ƙafar dama, amma yana tafiya. Biyar. Shida. Goma. Taku goma sha huɗu ya yi har teburin cin abinci, ya buɗe filas, ya tsiyaya wa kansa shayi ko ɗigo bai zubar ba.

"Baba..."

Kofin ya suɓuce ya tarwatse a ƙasa.

Muka tsaya muna kallon juna. Fuskarsa irin ta yaron da aka kama da hannu a gwangwanin sukari.

"Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tun yaushe, Baba?!"

Ya ɗaga yatsu biyar, ya ƙara ɗaya.

"Wata shida? Wata shida kana tafiya? Dogo ya sani?"

Ya gyaɗa kai, ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna ƙirjinsa. Wato shi ya roƙe shi ya yi shiru.

"Innalillahi! Ina ɗaga ka safe da yamma, bayana kamar zai ɓalle! Ina fasa fita, ina fasa komai! Me ya sa? Me na yi maka, Baba?"

Ya lallaɓa ya zauna. Bakinsa ya yi ta motsi, kalmar tana kokawa da harshensa.

"Tso... ro."

"Tsoron me?"

Ya nuna ƙafarsa, ya yi alamar tafiya da yatsu biyu. Ya nuna ni, ya nuna ƙofa.

"Ta... ta... fi."

In ya warke, zan tafi.

Na cika baki da magana zan zazzage masa, sai na tuna nawa laifin. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni da na danne wa bawan Allah maki wata bakwai don kar ya tafi, ni ce zan yi wa Baba wa'azi? Na zauna daɓas a ƙasa kusa da fasasshen kofin. Dariya ta zo min, kuka ya biyo ta, na rasa wanne nake yi.

"Baba, ashe gado na yi. Ka san abin da na yi wa Dogo?"

Ya taɓa kunnensa, ya ɗaga gira. Ya sani! Duk gyangyaɗin nan da yake yi a lokacin darasi, kunnensa a buɗe yake. Turancin ba ya ji, amma fuskar 'yarsa in tana ƙarya ya san ta tun tana rarrafe.

Ya miƙo hannun dama, mai rawar nan, ya ɗora a kaina. Rabona da jin hannun nan a kaina shekara biyu.

Na ba shi labarin fom ɗin, da Alhamis, da ƙarfe huɗu. Yana ji hawaye na bin gefen fuskarsa. Da na gama ya share da hannun riga, ya ja numfashi.

"Je."

"A'a, Baba."

"Je!"

"Wa zai ji maganarka? Wa zai san ƙafarka ta yi sanyi?"

Ya fizgi wayata daga cinyata, ya yi ta dangwala har ya samo hoton Yaya, ya miƙo min. Na kira shi ta bidiyo. Baba ya nuna min in riƙe wayar sosai. Ya dafa tebur, ya miƙe, ya taka daga nan har bakin ƙofa ya dawo, yana haki, gumi na tsattsafo masa.

Yaya yana ofis. Na ga ya cire tabarau ya rufe fuska da tafin hannu.

"Allahu Akbar... Baba! Baba, kai ne? Auta, ranar Asabar ina hanya. Benen ma a hankali zai koya, ko goya shi ne zan yi. Ki je ki ba yaron nan amsa!"

Kuna tsammani daga nan zuciyata ta zama ɗaya ko? Ina! Ranar Alhamis sau uku ina sa takalmi ina cirewa. In kalli Baba, in kalli ƙofa. Tsohon da ya ɓoye ƙafafunsa wata shida don kar in bar shi, yau don ya ce "je" sai in ɗauka tsoron ya tafi? Sai da ƙarfe uku ta buga, Baba ya ɗauki takalmina da kansa ya jefa min waje.

Na isa asibiti huɗu saura kwata, numfashina kamar zai ɗauke. Dogo yana ɗakin gashi, ya gama da wata tsohuwa tana fita da sandarta. Kwamfuta a buɗe a kan teburinsa, fom ɗin yana jira.

"Ka sani!" na ce tun daga ƙofa. "Ka san Baba yana tafiya, ka bar ni ina fama!"

Ya ajiye tawul a hankali.

"Ya riƙe hannuna yana kuka, Auta. Sirrin maras lafiya ne. Na ce masa ba zan faɗa ba, amma ba zan daina sa shi tafiya ba. Kullum kina kicin muna taku a ɓoye."

"Ranar Litinin da na ce maka Baba fa?"

"Maganar tana kan harshena. Na haɗiye. Ban so in sayi amsarki da asirin tsoho ba."

"Da na ce a'a fa?"

"Da na tafi da ita a ciki."

Na kalli agogon bango. Saura minti goma.

"To," ya ce. "Ina jinki."

"Dogo... ba ni da e irin taka, wankakkiya tas. Tawa da tsoro a ciki. Da kuka a ciki. Zan iya tashi da safe a can in ji haushinka don ka raba ni da shi, da rana kuma in gode wa Allah da ya ba ni kai. Duk ran da waya ta yi ƙara gabana zai faɗi. Ban san ko daidai nake yi ba, wallahi ban sani ba! Abin da na sani, in ka hau jirgin nan ba ni, wani abu zai mutu a cikina."

"Amma e ce?"

"E ce, masoyina. In za ka karɓe ta a haka."

Ya juya ga kwamfuta. Manyan yatsun nan da ke miƙar da ƙafar da ta sandare, yau sau biyu suna kuskuren layi. Ya danna, ya aika. Ya daɗe yana kallon allon kafin ya juyo, idanunsa jajur.

"Ban gama yafe miki ba fa."

"Na sani."

"Wata bakwai, Malama. Har a mafarki bita nake."

"Na sani, Dogo. Ka yi haƙuri..."

"Ina jin haushinki, kuma ji nake kamar in yi ihu don murna. A cikin katunanki akwai ta wannan?"

"Akwai."

"Bar ta. Ba na so in sani."

Bayan wata ɗaya aka ɗaura mana aure. Wata biyun da suka biyo baya, kafin takarduna su fito, Dogo ya koya wa Baba hawan bene a matakalar maƙwabta, ni kuma na sayi littafi mai bango mai kauri na zauna rubuta yaren Baba. Kowane sauti da ma'anarsa, kowace ɗaga gira, kowane gunaguni. Shafi arba'in da biyu. Yaya ya riƙa zuwa duk ƙarshen mako ina yi masa darasi, kuma wallahi shi makinsa na gaskiya nake ba shi. Ran da Baba ya ce "sha" Yaya ya kawo shayi ba tare da ya kalle ni ba, sai da muka tafa masa.

Ranar tafiya da hantsi motar haya ta tsaya a ƙofar gida. An sa akwatunanmu a but. Kayan Baba ma an ɗaure, motar Yaya tana baya tana jira. Gidan da aka haife ni ya zama fayau, sai sawun agogo a jikin bango.

Baba ya ƙi sanda. Ya ce da ƙafarsa zai raka ni. Ya sa farar rigarsa, ya taje gemu da kansa, ya taka daga falo har bakin mota, Yaya yana gefensa da littafin a hammata.

Na durƙusa a gabansa. Ya ɗago ni. Ya riƙe wuyan hannuna da hannun dama, riƙon da ban san yana da ƙarfinsa ba.

"Je, Ta," ya ce. "Je."

"To, Baba."

Bai sake ni ba. Leɓensa ya yi ta rawa. Sai wata magana ta suɓuto masa can ƙasa-ƙasa, a dunƙule, irin wadda ba mai ji sai ni.

"Ka'... ta... fi."

Kar ki tafi.

Idanunsa suka zaro, kamar shi ma bai san za ta fito ba. Ya girgiza kai da sauri, yana roƙona da ido.

Yaya ya buɗe littafin yana ta juya shafi.

"Wannan ba ki rubuta ta ba, Auta. Me ya ce?"

Na kalli Baba. Baba ya kalle ni.

"Cewa ya yi... Allah ya kiyaye hanya."

"Amin, amin," in ji Yaya, ya zaro biro ya rubuta a shafin ƙarshe.

Baba ya gyaɗa min kai a hankali, ya saki hannuna yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Na shiga mota. Dogo ya rufe ƙofa, ya matso kusa da kunnena.

"Na ji abin da ya ce, Auta. Shekara biyu nake tare da shi. In kina so mu sauka, wallahi yanzu zan sauke akwatunan nan."

Na waiwaya. Baba yana tsaye a bakin titi shi kaɗai, ya ture hannun Yaya, ya miƙe ƙirji iya ƙarfinsa don in gan shi a tsaye. Gwiwarsa ta dama tana rawa, amma ya ƙi dafa kowa.

Na damƙe hannun mijina har farcena ya shige shi. Hawaye ya rufe min ido, muryata da ƙyar ta fito.

"Direba... mu je."